Anya kamfanin Nissan zai kai labari?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na ji cewa kamfanin Nissan yana rufe masana'antu yana sallamar ma'aikata, an kuma ce motocinsa sun tsufa, ba sa shiga kasuwa. Anya zai kai labari kuwa? Ina tambaya ne domin ina shirin sayen X-Trail 'yar Kwatano, kada in saya kamfanin ya durƙushe in rasa kayan gyara.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Tambayarka biyu ce a haɗe, ta kamfani da ta motarka, kuma ta motar ta fi sauƙi, don haka zan bar ta sai can gaba.

Game da kamfanin, ga abin da nake gani. Sunan Nissan ba zai ɓace nan kusa ba, za a ci gaba da ƙera motoci masu ɗauke da tambarinsa. Amma Nissan ɗin da aka sani, wanda ke neman sayar da mota miliyan shida a shekara, yake gogayya da Toyota a kowace kasuwa da kowane irin mota, wannan ya riga ya tafi, ba na kuma jin zai dawo. Abin da ake kokawa a kai yanzu shi ne ko ƙaramin kamfanin da zai rage zai iya tsayawa da ƙafarsa, ko kuwa dole sai ya raɓu da wani babba. Ni na fi karkata ga na biyun, kuma tsufan motocin da ka ambata shi ne babban dalilina.

Alƙaluman ba su da daɗin ji. A shekarar kuɗi ta 2017 Nissan ya sayar da mota miliyan 5.77, mafi yawa a tarihinsa. A ta 2024, wadda ta ƙare a watan Maris na 2025, abin da ya sayar bai wuce miliyan 3.35 ba, ya kuma tafka asarar yen biliyan 670.9, wato wajen dala biliyan 4.5. Manyan kamfanonin da ke auna wa masu ba da rance lafiyar kamfanoni, irin su Moody's da Fitch, sun sauke shi zuwa sahun waɗanda ba su bashi ke da haɗari, don haka duk rancen da zai ci yanzu da ruwa mai tsada zai ci shi. Har ginin hedikwatarsa da ke Yokohama ya sayar a ƙarshen 2025 kan yen biliyan 97, ya koma ɗan haya a ciki.

Sai dai asara ba ita ce cutar ba, alama ce kawai. Cutar tana cikin yadda sana'ar ƙera mota take. Sabuwar mota, daga zane zuwa ranar da za ta fito daga masana'anta, takan ɗauki shekara huɗu zuwa biyar, takan kuma lashe dala biliyan guda ko fiye. In ta fito, shekara biyun farko su ne lokacin cin riba, domin mai saye yana biyan farashin da aka sa ba tare da dogon ciniki ba. A shekara ta uku akan yi mata kwaskwarima, a canza fitilu da gaba da allon cikinta. Daga shekara ta biyar ko ta shida kuwa dole a kawo magajiyarta, in ba haka ba sai da ragi za a sayar da ita. Kamar mai shago ne a Kantin Kwari da ya cika rumbunsa da atamfar da aka yi yayi bara waccan. Kayan ba su lalace ba, amma maƙwabcinsa ya sauke sabon zane, kuma duk wadda ta shigo sai ta fara leƙa can. Zai sayar, amma sai ya karya farashi, kuɗin da ya samu kuma ba za su isa ya saro sabon kaya ba.

A kasuwar mota abin ya ma fi haka muni, saboda ragin yana bin motar har bayan an sayar da ita. Ka ɗauki dila a Amurka da ya tara Rogue da Altima a fili sun yi wata uku ba su motsa ba. Kowace rana yana biyan banki ruwa a kansu. Sai kamfani ya ce a rage dala dubu uku ko huɗu a kan kowace, ko a ba da bashi babu ruwa, ragowar kuma a tura wa kamfanonin ba da hayar mota a sari. Bayan shekara guda waɗannan na hayar su dawo kasuwa a matsayin na hannu, da yawa, da araha. Mutumin da ya sayi tasa sabuwa da cikakken kuɗi ya je sayarwa ya tarar ta faɗi warwas. Gobe ba zai sake sayen Nissan ba sai an yi masa ragin da ya fi na jiya. Haka sunan kamfani yake komawa na motar da ake saye domin araha, kuma fita daga wannan matsayin yakan ɗauki shekara goma ko fiye.

Dubi shekarun da wasu motocinsa suka yi ba a sabunta su daga tushe ba. Frontier, a-kori-kurar da yake sayarwa a Amurka, ta zauna a siffa ɗaya daga 2005 har 2021. Patrol ɗin da manyan mutane ke hawa a Abuja da Dubai ta fito a 2010, ba a kawo magajiyarta ba sai a Satumban 2024. Elgrand, wadda ita ta buɗe kasuwar manyan motocin iyali na alfarma a Japan, an bar ta tun 2010 har Alphard ta Toyota ta cinye kasuwar gaba ɗaya. Murano ta yi kusan shekara goma, GT-R ta yi goma sha takwas. Wani lokacin tsufan har rayuka yake taɓawa. A 2018 hukumar Global NCAP ta gwada Hardbody ɗin da ake sayarwa sabuwa a Afirka ta Kudu, ta hanyar buga ta da bango kamar a haɗari, ba ta samu ko tauraro ɗaya ba wajen kare babban mutum da ke ciki. Wannan yana ci mini rai, domin mu nan Afirka ne ake kawo wa irin waɗannan a ce mana sababbi ne.

Yadda aka kai ga haka yana da tarihi. A 1999 Nissan ya taɓa kaiwa bakin kabari, bashi ya kai wajen yen tiriliyan biyu. Renault na Faransa ya sayi kashi 36.8 cikin ɗari na hannun jarinsa, ya turo Carlos Ghosn. Ghosn ya rufe masana'antu biyar, ya rage ma'aikata 21,000, ya matsa wa masu kawo kayan haɗi suka sauke farashi, kuma cikin shekara biyu kamfanin ya tada komaɗa. Abin da mutane ke mantawa shi ne bayan yankan ya zubo sababbin motoci masu jan ido: Altima ta 2002, 350Z, Murano, X-Trail, sannan Qashqai a 2007, wadda ta canza kasuwar Turai. Yankan ya tsayar da zubar jini, amma motocin ne suka kawo kuɗi.

A 2011 sai ya fito da wani shiri da ya kira Power 88, wanda burinsa shi ne Nissan ya riƙe kashi 8 cikin ɗari na kasuwar duniya, da ribar kashi 8. A Amurka kuma ana neman kashi 10. Daga nan aka koma bin yawa. Kuɗi suka tafi gina masana'antu a Brazil da Indonesiya da sauran ƙasashe masu tasowa, da farfaɗo da sunan Datsun a 2013 domin motoci masu araha, wanda bai karɓu ba har aka sake binne shi a 2022. A Amurka aka riƙa ɗora wa diloli adadin da dole su sayar kafin su samu lada, su kuma suka riƙa karya farashi don su cika. Adadi ya hau, riba a kan kowace mota ta sauka, sashen zana sababbin motoci kuma aka tsuke masa bakin aljihu.

Sai rikicin shugabanci ya zo ya ƙarasa. An kama Ghosn a Tokyo ranar 19 ga Nuwamban 2018 bisa zargin ɓoye ainihin albashinsa, zargin da ya musanta, kuma a Disambar 2019 ya tsere zuwa Labanan. Wanda ya gaje shi, Hiroto Saikawa, ya sauka a Satumban 2019. Makoto Uchida ya karɓa a Disamba, annobar korona ta biyo baya. Ka tuna mota na ɗaukar shekara huɗu zuwa biyar. Wato motocin da ya kamata a ce suna fili a 2023 da 2024, a waɗancan shekarun rigimar ne ya kamata a yanke shawarar ƙera su, a lokacin kuwa shugabannin suna can suna faɗa da juna da kuma Renault. Ƙarancin motoci da aka yi a duniya bayan korona ya ɗan rufa musu asiri, domin a lokacin duk abin da ka kawo za a saye, har suka ci ribar sama da yen biliyan 400 a shekarar kuɗi ta 2023. Da kaya suka wadata sai asirin ya tonu. A Nuwamban 2024 suka sanar cewa ribar aikinsu ta wata shida ta faɗi da kashi 90 cikin ɗari.

Kasuwanni biyu ne ke riƙe da Nissan, Amurka da Sin, kuma a duka biyun ya zo ba da abin da ake nema ba.

A Amurka abin da ake rububi shi ne mota mai haɗa injin fetur da na lantarki, wadda ake kira haibirid. Toyota ya mayar da Camry gaba ɗaya haibirid daga samfurin 2025, kusan rabin CR-V da Honda ke sayarwa ma haka suke. Nissan kuwa ya shiga 2024 ba shi da ko ɗaya a wannan kasuwa, alhali ya taɓa yin Rogue haibirid ya daina. Uchida da bakinsa ya amsa cewa ba su hango za a koma kanta da wannan saurin ba. Abin takaicin shi ne suna da fasahar. Tun 2016 suke da tsarin da suke kira e-Power, wanda ya sa motarsu Note ta zama kan gaba a ciniki a Japan a 2018, in aka cire 'yan ƙananan motocin da ake kira kei. A wannan tsarin injin fetur ba ya haɗe da taya ko kaɗan, aikinsa kawai juya janareto ya caja ɗan ƙaramin batir, injin lantarki shi ke tafiyar da mota. A cikin gari, inda ake tsayawa ana tashi, yana da matuƙar tsimin mai. Amma a kan babbar hanya, inda mota za ta yi awa uku tana gudun kilomita 120, juya ƙarfin fetur zuwa lantarki sannan a sake juya shi zuwa taya yana jawo hasara a kowane mataki. Tsarin Toyota da na Honda suna iya haɗa inji da taya kai tsaye a irin wannan gudun. Ba'amurke kuwa rabin rayuwarsa a babbar hanya take. Shi ya sa aka yi ta jinkirin kai e-Power can, har sai an sake masa gini karo na uku.

Ko a motar lantarki zalla, inda Nissan ya riga kowa, haka ya yi sake. Leaf ta fito a Disambar 2010, ta kuma riƙe kambin motar lantarki da aka fi saye a duniya har zuwa 2020, lokacin da Model 3 ta Tesla ta wuce ta. Amma an bar batirinta ba tare da ruwan sanyaya shi ba, yana saurin gajiya a ƙasashe masu zafi, an kuma bar ta da bakin caji irin na Japan bayan Turai da Amurka sun koma wani. Sai a 2025 aka gyara waɗannan a Leaf ta uku.

Na Sin ya fi wannan tsanani. A 2018 Nissan da abokin haɗin gwiwarsa Dongfeng sun sayar da mota miliyan 1.56 a can. A 2024 ba su kai 700,000 ba. Sylphy, wato 'yar'uwar Sentra, ita ce ta riƙe su shekara da shekaru. Sai BYD, kamfanin mota na Sin, ya sauke farashin Qin Plus, haibirid mai caji, zuwa yuwan 79,800 a farkon 2024, kuma zuwa watan Yulin shekarar rabin sababbin motocin da ake saye a Sin masu caji ne. Kamfanonin Sin suna fito da sabuwar mota cikin shekara biyu ko ƙasa da haka. Wanda ke ɗaukar shekara biyar, kafin tasa ta iso an riga an wuce wurin. Kuma ba a gida kaɗai suka tsaya ba, sun bi Japanawa har Tailan da Meksiko da ƙasashen Larabawa da Afirka ta Kudu, kasuwannin da a da tsohuwar mota mai sunan Japan take ci ba hamayya.

Ana cikin haka gwamnatin Trump ta ɗora harajin kashi 25 cikin ɗari a kan motocin da ake shigarwa Amurka daga Afrilun 2025. An sassauta wa Japan zuwa 15 daga baya, amma a lokacin Nissan daga Meksiko yake kawo Versa da Sentra da Kicks, ƙananan motocin da ribarsu da ma ba ta taka kara ta karya ba.

Maganar haɗewa da Honda ita ce dama mafi girma da ta zo, ta kuma wuce. An sa hannu kan yarjejeniyar fara tattaunawa ranar 23 ga Disambar 2024, aka watse ranar 13 ga Fabrairun 2025. Darajar Honda a kasuwar hannun jari ta ninka ta Nissan wajen sau huɗu, yana kuma ganin Nissan na jan ƙafa wajen rufe masana'antu, sai ya ce to Nissan ya zama reshensa kawai. Shugabannin Nissan suka ƙi. Na fahimci zafin abin ga kamfanin da aka kafa tun 1933, wanda ya girmi Honda a ƙera mota nesa ba kusa ba, amma a ganina girman kai ne ya yi aiki a nan fiye da lissafi. Wata biyu ba su cika ba Uchida ya sauka, kuma wanda ya gaje shi ya yi irin yankan da Honda ya nema tun farko.

Wannan magajin shi ne Ivan Espinosa, ɗan Meksiko, wanda ya hau a ranar 1 ga Afrilun 2025 yana da shekara 46. Abin da ya ba ni ƙwarin gwiwa game da shi shi ne daga sashen tsara motoci ya fito, ya san inda ciwon yake. A watan Mayu ya bayyana shirinsa: rage ma'aikata 20,000, wato kusan kashi 15 cikin ɗari, rage masana'antun haɗa mota daga 17 zuwa 10, da tsimin yen biliyan 500. Cikin waɗanda aka sanar daga baya za a rufe har da Oppama, wadda aka buɗe a 1961, inda aka fara ƙera Leaf, da Civac ta Meksiko, masana'antarsa ta farko a wajen Japan. Rufe Oppama ba ƙaramin abu ba ne a Japan, kuma shi ya nuna cewa da gaske ake. Amma ɓangaren shirin da ya fi muhimmanci a wurina ba shi ne jaridu suka fi yayatawa ba. Yana so a rage ginshiƙan da ake ɗora motoci a kansu daga 13 zuwa 7, a rage yawan nau'o'in kayan haɗi da kashi 70 cikin ɗari, a kuma sauke lokacin fito da sabuwar mota zuwa wata 37, 'yan'uwanta da za su biyo baya kuma wata 30. In wannan ya tabbata, an taɓa cutar kanta.

Tarihin sana'ar ya nuna abin da ke raba mai tsira da mai mutuwa. Saab na Suwidin ya riƙe 9-5 ɗinsa tun 1997, sabuwar ba ta iso ba sai 2010. Mota ce mai kyau, amma kuɗi sun riga sun ƙare, masu kawo kayan haɗi suka daina kawowa saboda bashi, a Disambar 2011 aka rufe. MG Rover na Ingila ya mutu a Afrilun 2005 yana sayar da motocin da asalinsu na 1995 ne. Peugeot kuwa, wanda mu nan muka fi sani saboda masana'antar Kaduna, ya yi asarar yuro biliyan 5 a 2012. A 2014 gwamnatin Faransa da Dongfeng suka zuba kuɗi, kowa ya ɗauki kashi 14 cikin ɗari, sabon shugabansa Carlos Tavares ya rage yawan samfura, sannan 3008 ta fito a 2016 mutane suka yi ta saye ba tare da neman ragi ba. Bambancin Peugeot da Saab shi ne an samu mai riƙe shi har sabuwar motar ta iso. Ka kuma lura, duk da ya warke, a 2021 ya haɗe da Fiat Chrysler suka zama kamfani ɗaya mai suna Stellantis. Volvo ma yana raye, amma a hannun Geely na Sin tun 2010, Jaguar da Land Rover a hannun Tata na Indiya tun 2008.

Nissan ya fi kama da Peugeot fiye da Saab. A ƙarshen Maris 2025 sashen motocinsa yana da rarar kuɗi a hannu wajen yen tiriliyan 1.5 bayan an cire bashin sashen, kuma a Yuli ya sake cin rancen biliyoyin daloli don biyan basussukan da wa'adinsu ya gabato. Shi ne kan gaba a cinikin mota a Meksiko shekara da shekaru. Patrol tana kawo riba mai kauri a ƙasashen Larabawa. Yana da manyan masana'antu a Tennessee da Mississippi waɗanda harajin Trump ya ƙara wa daraja, domin duk mai son sayarwa a Amurka yanzu yana neman inda zai ƙera a cikinta. Dubban ƙananan kamfanoni a Japan kuma da shi suke ci, don haka da wuya gwamnati da bankuna su zuba ido ya faɗi. Sababbin motoci ma sun fara fitowa: Kicks, Murano, Patrol da Armada, Leaf, Sentra, da N7 mai lantarki da aka zana a Sin aka sa mata yuwan 119,900, wadda ta samu karɓuwa da ta fito a Afrilun 2025.

Abin da ya sa duk da haka ban ce zai tsaya shi kaɗai ba shi ne girman kuɗin da zamani ke nema. A 1999 gyara ɗaya ake buƙata, a rage kashe kuɗi a fito da mota mai kyau, kuma abokan hamayya sanannu ne. Yau dole kamfani ya zuba kuɗi a injin fetur, da haibirid, da lantarki zalla, da manhajar da ke tafiyar da mota, duk a lokaci guda. Toyota yana raba wannan nauyin a kan mota sama da miliyan goma a shekara, Nissan a kan miliyan uku da 'yan kai. Alamun raɓuwar ma sun riga sun bayyana. Sabuwar Micra ta Turai a masana'antar Renault ake ƙera ta a kan ginin Renault 5. Rogue mai caji da aka kai Amurka don toshe giɓi Outlander ce ta Mitsubishi aka sauya wa tambari. N7 kuwa da fasahar Dongfeng aka yi ta. Renault yana neman mai sayen ragowar hannun jarinsa, Foxconn na Taiwan, wanda ya sayi Sharp, kamfanin kayan lantarki na Japan, a 2016, ya nuna sha'awar haɗin gwiwa, Honda ma bai rufe ƙofar aiki tare ba.

Yanzu ga motarka. Ka kwantar da hankalinka, kayan gyaran da ke Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna ba daga Yokohama ake aiko su ba. Yawancinsu daga motocin da aka farfasa a Japan da Turai da Amurka suke zuwa, ta Dubai da Legas da Kwatano, sauran kuma kamfanoni masu zaman kansu ke yin su. X-Trail an ƙera ta da yawan gaske, kayanta za su daɗe suna yawo. Saab ma da ya mutu tun 2011, masu motarsa sun ci gaba da samun kaya. Abin da ya kamata ka sa wa ido shi ne giyar. X-Trail ta farko, wadda aka yi daga 2000 zuwa 2007, giyarta atomatik ce irin wadda kowane bakanike ya sani. Daga ta biyu zuwa sama, yawancin masu shan fetur suna da giyar CVT, wadda ke aiki da bel na ƙarfe a tsakanin fule biyu, kuma ita ce ta fi ɓata wa Nissan suna, har ya tsawaita garantinta a Amurka zuwa shekara goma ga motocin 2003 zuwa 2010. Ba ta son zafi, ba ta son lodi, ba ta kuma yafe man da ba nata ba. Kafin ka biya, ka tuƙa motar har ta yi zafi sosai, ka hau da ita gada ko tudu, ka saurara ko za ka ji kuka siriri kamar na fanka, ko karkarwa lokacin tashi, ko inji na ihu mota ba ta ja. Ka sa a zuƙo man giyar ka gani, in ya yi baƙi yana warin ƙuna ka haƙura da ita. In ka saya, man NS-2 ko NS-3 za a riƙa zubawa, gwargwadon shekararta, kada ka yarda a zuba mata jan man giya na yau da kullum.

In kana son bin labarin kamfanin da kanka, kada adadin ma'aikatan da aka sallama ya ɗauke maka hankali, wannan za su cika shi. Rogue ita ce motar da ya fi sayarwa a Amurka, kuma sabuwarta mai e-Power an tsara fitowarta a shekarar kuɗi ta 2026. Za ta tarar da RAV4 wadda Toyota ya riga ya mayar haibirid gaba ɗaya, da CR-V, da Tucson da Sportage na Koriya. Wata shida bayan fitowarta ka duba abu biyu, nawa ake ragewa a kan kowace kafin a saye ta, da kuma kwana nawa take yi a filin dila. In tana tafiya da farashinta, Espinosa zai zauna da Honda ko wani ya yi ciniki yana da abin faɗa. In kuwa sai da ragin dubban daloli take motsi, wanda zai zo da kuɗi shi zai faɗi sharuɗɗa, kuma za su fi na Fabrairun 2025 tsauri.